NA'URA TA KOYI MAGANA, TO INA MATSAYIN ZUCIYAR ƊAN ADAM?

Wata ranar Jumma'a da dare, bayan an sauko daga sallar lisha, ina zaune a zauren gidan kawuna a Tumfure, unguwar nan da ke bakin birnin Gombe ta hanyar Bauchi. Kawun nan nawa tsohon malamin makaranta ne, ya daɗe da ajiye alli, idanunsa kuma sun yi rauni har ba ya iya karatu sai an karanta masa. Muna cikin hira sai jikansa, wani saurayi ɗalibi, ya shigo riƙe da wayar salula, ya durƙusa ya gaishe mu, ya ce, "Baba, bari in nuna maka abin mamaki. Akwai wata na'ura a cikin wayar nan wadda duk abin da ka tambaye ta za ta ba ka amsa, har da Hausa."

Tsoho ya gyara zama ya ce a tambaye ta sharuɗɗan alwala. Yaro ya rubuta, na'ura ta jero amsa, aka karanta masa. Ya ce a tambaye ta wanda ya kafa masarautar Gombe, ta ce Buba Yero. Ya yi shiru wani ɗan lokaci yana jan carbi, sa'an nan ya ce, "To, ɗan nan, na ji ta iya magana. Amma ita ta san tana magana? In ta ambaci sunan Allah, akwai abin da ta ke ji a ciki, ko kuwa dai kamar rediyona ce da ke karanta tafsiri alhali ba ta san ko alif ba?"

Yaro ya yi dariya, ni kuwa ban yi ba, domin na lura tsohon ya taɓo tambayar da ta gagari manyan masana na gabas da yamma tun shekaru aru-aru. Wannan tambaya ita ce dalilin rubutun nan, kuma ta shafi kowane magidanci da ke da waya a aljihu da 'ya'ya a gida.

GARI YA SAKE KAMA

Duk wanda ya san Gombe kafin a ba ta jiha ya san Tumfure ƙauye ne da gonaki a gefen hanya, cikin ƙasar Akko. Daga ranar 1 ga watan Oktoba, 1996, da aka cire Jihar Gombe daga cikin Jihar Bauchi, sai ma'aikata da 'yan kasuwa suka yi ta kwararowa, gari ya cika ya tumbatsa, gine-gine suka bi hanyar Bauchi har suka haɗe da Tumfure. Daga baya kuma rikicin da ya addabi Borno da Yobe ya koro jama'a da yawa zuwa Gombe neman mafaka. Yau in ka zaga unguwar za ka ga masallatai da coci-coci, da makarantun Islamiyya da na boko, da kuma rumfunan cajin waya da shagunan sayar da kati.

Ƙasar Gombe ba baƙuwar sabon abu ba ce. Modibbo Buba Yero almajirin Shehu Usmanu ɗan Fodiyo ne, daga hannunsa ya karɓo tuta, ya zauna a Gombe Abba. Cikin 1919 Turawa suka mai da hedkwata Gombe Doma, inda birnin ya ke a yau. Jirgin ƙasa ya iso cikin 1963, a kan hanyarsa ta zuwa Maiduguri, ya ɗauki auduga da gyaɗa. Bayan wannan aka sami kamfanin siminti na Ashaka da madatsar ruwa ta Daɗin Kowa. Amma duk waɗannan abubuwa a waje su ke tsayawa. Jirgi ya kan zo tasha ya wuce, siminti ya kan zama bango. Wayar salula kuwa, wadda ta fara aiki a Nijeriya cikin watan Agusta na 2001, ita ce baƙuwar da ta wuce zaure, ta shiga ɗaki, ta kwana a ƙarƙashin matashin kai. Kafin zuwanta layukan waya a ƙasar nan duka ba su kai rabin miliyan ba. Cikin 2024 layukan da ke aiki sun haura miliyan 150.

Har wa yau, mutumin Gombe ne, Shaihu Isa Ali Ibrahim na unguwar Pantami, ya riƙe ma'aikatar sadarwa ta tarayya daga 2019 zuwa 2023, bayan ya shugabanci hukumar bunƙasa fasahar zamani ta ƙasa tun daga 2016. Malami ne mai wa'azi da tafsiri, kuma masanin ilmin kwamfuta. Ko mutum ya yarda da ra'ayinsa ko bai yarda ba, haɗuwar rawani da na'ura a kan mutum guda ta isa ta nuna mana cewa a ƙasar nan maganar addini da fasaha ta riga ta shigo cikin gida.

MENE NE FARKAWAR HANKALI?

Kafin mu ce na'ura tana da sanin kai ko ba ta da shi, ya kamata mu tantance abin da mu ke nufi. Hausawa suna da kalmomi da dama a nan, kowace da wurinta. Akwai rai, wanda in ya fita an mutu. Akwai hankali, wanda ke rarrabe daidai da kuskure, shi ne kuma sharaɗin hawan shari'a a kan mutum. Akwai zuciya, mazaunin niyya da tsoro da ƙauna. Akwai kuma kurwa, wadda mutanen da su ke cewa tana fita yawo in mutum ya yi barci, abin da ta gano shi ne mafarki. Daga Larabci muka aro ruhi da nafsi.

Abin da kawuna ya tambaya ya ratsa duk waɗannan, watau wannan ji da kowa ke ji a cikinsa cewa yana nan. In ka kurɓi kunun tsamiya da safe, akwai tsamin da kai kaɗai ka ke ji. In ƙaya ta soke ka, akwai zafin da ba wanda zai ɗauke maka. Likita na iya auna bugun jininka, amma ba shi da awon da zai shiga ya ɗanɗana tsamin nan tare da kai. Wannan shi mu ke kira farkawar hankali ko sanin kai.

Masana kimiyya sun yi aiki mai yawa a kan ƙwaƙwalwa. Sun ƙiyasta cewa tana ɗauke da ƙwayoyin jijiya wajen miliyan dubu 86, kowace tana aika saƙo ga dubban 'yan uwanta ta hanyar ɗan lantarki da sinadari. Cikin 1924 wani likita Bajamushe, Hans Berger, ya fara auna motsin lantarkin nan ta fatar kan mutum. Cikin 1953 wasu masu bincike a Jami'ar Chicago ta Amurka suka gano cewa akwai wani sashe na barci da idanu ke yin motsi da sauri a ƙarƙashin fata, kuma galibi a lokacin ne a ke mafarki. Tun 1846 aka nuna wa jama'a a birnin Boston cewa ana iya shaƙa wa mutum magani hankalinsa ya gushe, a yi masa fiɗa, ya farka bai san an yi ba. Cikin 2006 kuma wani masani a Kambrij ta Ingila, Adrian Owen, ya sa wata mata da ta daɗe a some cikin na'urar hoton ƙwaƙwalwa, aka ce mata ta raya a ranta tana wasan ƙwallon tebur na fili, sai ƙwaƙwalwarta ta motsa daidai yadda ta mai lafiya ke motsawa. Ashe tana ji, jiki ne ya ƙi amsawa.

Duk wannan ilmi ne mai amfani, kuma ya tabbatar da cewa akwai dangantaka mai ƙarfi tsakanin ƙwaƙwalwa da farkawar hankali. Amma ragowar tambaya tana nan: ta yaya 'yar tsokar nan ta ke haifar da jin tsami da zafi da kewar uwa? Wani masanin falsafa ɗan ƙasar Ostareliya, David Chalmers, shi ya yi wa wannan tambaya laƙabi da matsala mai wuya cikin shekarun 1990. Cikin 1998 suka yi musu da wani masanin ƙwaƙwalwa, Christof Koch, wanda ya ce kafin shekara 25 za a gano ainihin inda sanin kai ya ke fitowa a cikin ƙwaƙwalwa. Da wa'adi ya cika cikin 2023, Koch ya fito bainar jama'a ya amsa cewa ba a gano ba. Musulmi da ya ji wannan labari ba zai rasa tunawa da Suratul Isra'i ba, inda aka tambayi Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, game da ruhi, aka mai da saninsa ga Ubangiji.

MALAMANMU SUN RIGA SUN YI TUNANI

Kuskure ne matashi ya ɗauka cewa Turawa ne suka fara wannan bincike. Ibn Sina, likita kuma masanin falsafa, wanda ya rasu cikin 1037, ya kawo wani misali mai ban sha'awa. Ya ce a ƙaddara an halicci mutum farat ɗaya, cikakke, yana rataye a sarari, ba ya gani, ba ya ji, gaɓoɓinsa ba sa taɓa juna. Shin zai san yana nan? Ibn Sina ya ce lalle zai sani, ko da bai san yana da hannu ko ƙafa ba. Daga nan ya kafa hujja cewa sanin kai wani abu ne dabam da jiki.

Imamu Gazali kuwa, wanda ya rasu cikin 1111, shakka ce ta kama shi yana kan ganiyar ɗaukakarsa, har ya bar kujerar koyarwa a makarantar Nizamiyya ta Bagadaza cikin 1095. Ya ba da labari cewa ya tuhumi idonsa, domin ido na ganin inuwa a tsaye alhali tana tafiya, yana ganin tauraro ɗan ƙarami alhali lissafi ya nuna girmansa ya wuce misali. Da ya koma ga hankali sai ya tuna mai mafarki ma ya kan gaskata abin da ya ke gani sai ya farka. To, me zai hana a sami wata farkawa da ta fi wannan, wadda za ta mai da rayuwar duniya kamar mafarki? Bai sami natsuwa ba sai da ya haɗa ilmi da tsarkake zuciya, kuma daga wannan tafiya ne littafinsa Ihya'u Ulumid Din ya fito, wanda har yau a ke karanta shi a zaurukan malamai daga Sakkwato zuwa Gombe.

A nan gida ma ba a bar mu a baya ba. Shehu Usmanu ya karantar da cewa addini hawa uku ne, Musulunci da imani da ihsani, kuma ilmin da ke kula da hawa na uku shi ne na gyaran zuciya daga girman kai da hassada da riya. Jikansa, Shaihu Abdulƙadir ɗan Tafa, wanda aka haifa cikin shekarar hijira ta 1804 ya rasu cikin 1864, ya yi zurfi a ilmin falsafa da haƙiƙa, har ya rubuta ɗan littafi a kan mafarki da abin da shi ke nufi. Ya kamata ɗalibanmu na jami'a su san cewa a ƙasar Sakkwato an zauna an yi nazarin barci da farke tun kafin a kawo na'urar auna ƙwaƙwalwa.

Wani abin lura game da Shehu shi ne, duk da matsayinsa a wurin jama'a, da mutane suka fara yaɗa cewa shi ne Mahadi, ya fito ya musanta a rubuce. Malami ne da ya yarda da gaibu, amma bai yarda a ɗora wa gaibu abin da babu hujja a kansa ba. Wannan hali shi ne mu ke bukata a yau fiye da kowane lokaci.

'Yan uwanmu Kirista na Tumfure da Biliri da Kaltungo su ma suna da nasu gadon. Agustin, babban malamin coci wanda ya rasu cikin shekara ta 430, mutumin Afirka ta Arewa ne, a ƙasar da a yau a ke kira Aljeriya. Ya yi dogon nazari a kan tunawa da lokaci, ya koyar da cewa mai neman gaskiya ya koma cikin kansa ya bincika zuciyarsa a gaban Mahalicci.

YADDA NA'URAR KE AIKI

To, mu komo kan wayar jikan kawuna. Abin da ke amsa masa tambaya shi ne a ke kira ƙirƙirarriyar basira. Irin wadda ta fi shahara, ChatGPT, an sake ta ga jama'a cikin watan Nuwamba na 2022. Yadda a ke gina ta shi ne, a tara rubuce-rubucen mutane masu ɗimbin yawa, na littattafai da jaridu da shafukan intanet, a ɗura wa manyan kwamfutoci, su yi ta gwada cinkar kalmar da za ta biyo bayan wata, ana gyara musu lissafi sau miliyoyi, har su gwanance. In ka yi tambaya, sai ta jero kalmomin da lissafinta ya nuna sun fi dacewa. Shi ya sa ta kan faɗi daidai sau da yawa, shi ya sa kuma ta kan shirya ƙarya tsaf da murya irin ta mai gaskiya, har ta ƙago hadisi ko sunan littafin da babu shi. Da ya ke rubutun Hausa da ke cikin intanet kaɗan ne in an kwatanta da na Turanci, tuntuɓenta a harshenmu ya fi yawa.

Tun cikin 1950 wani masanin lissafi Bature, Alan Turing, ya ba da shawarar cewa in mutum ya yi hira a rubuce da na'ura ya kasa bambanta ta da ɗan Adam, to a bar gardama a kan ko tana tunani. Cikin 1966 Joseph Weizenbaum ya ƙera wata 'yar na'urar hira mai suna ELIZA a Amurka, wadda ba ta yin kome sai juya wa mutum maganarsa ta zama tambaya, amma duk da haka mutane suka riƙa buɗe mata cikinsu, abin da ya tayar wa shi mai ƙirar hankali. Cikin 1980 John Searle ya kawo nasa misalin: a kulle mutumin da bai san Sinanci ba a ɗaki, a ba shi littafin ƙa'idoji, a riƙa miƙo masa takardu da Sinanci yana duba littafi yana mai da amsa daidai. Na waje zai rantse akwai Basine a ciki, alhali shi bai fahimci ko kalma ɗaya ba. Cikin 2022 kuma wani injiniyan kamfanin Google ya fito ya ce na'urar da ya ke gwadawa tana da ji, kamfanin ya musanta, daga baya aka sallame shi.

Masana sun rabu a kan ko wata rana na'ura za ta iya samun sanin kai. Waɗansu sun ce in an kwaikwayi aikin ƙwaƙwalwa sosai zai yiwu, waɗansu sun ce lissafi ba ya zama ji, kamar yadda zanen rijiya ba ya kashe ƙishirwa. Babu wani awo da aka haɗu a kansa. Amma abu ɗaya a fili ya ke: iya magana ba hujja ba ce ta samuwar mai ji a ciki. Hausawa sun ce labarin zuciya a tambayi fuska. Wannan na'ura an yi mata fuska da harshe daga maganganunmu, shi ya sa mu ke ganin kamar da zuciya a bayansu.

GANI YA DAINA KORAR JI

Haɗarin da ya fi kusa da mu ba shi ne na'ura ta farka ba, shi ne mu mu yi barci. Masu karatu za su tuna cikin 2004, da kuma 2011, yadda jita-jita ta game ƙasar nan cewa akwai wasu lambobin waya da in ka amsa kiransu za ka mutu, har sai da hukuma ta fito ta ƙaryata. Za su tuna daren nan na watan Agusta, 2014, lokacin cutar Ebola, da aka yi ta tashin mutane daga barci ta waya ana cewa a yi wanka da ruwan gishiri a kuma sha, aka kwantar da mutane a asibiti, waɗansu suka rasa rayukansu. Cikin 2020 kuma aka yaɗa cewa sabuwar hanyar sadarwa ta 5G ce ke kawo cutar korona. Duk waɗannan da rubutu da muryar mutane kawai aka yi su.

Yanzu kuwa abin ya wuce nan. Da ɗan guntun muryar mutum ana iya sa na'ura ta kwaikwaye shi ta faɗi abin da bai taɓa faɗa ba, a haɗa da hoton fuskarsa leɓe na motsi. Ana iya sa malamin da ka ke girmamawa ya yi fatawar da bai yi ba, ko ya zagi wani malami, ko a sa muryar ɗanka da ke karatu a nesa ta roƙe ka kuɗi da gaggawa. Kakanninmu sun ce gani ya kori ji. A wannan zamani ganin ma sai an bincike shi. A gari irin Gombe, inda Fulani da Tera da Bolawa da Tangale da Waja da Hausawa ke zaune tare, Musulmi da Kirista suna cin kasuwa ɗaya, hoton ƙarya guda ɗaya na iya kunna wutar da za a daɗe ba a kashe ba.

Maganin wannan yana cikin gadonmu. Malaman hadisi, irin su Imamu Buhari wanda ya rasu cikin 870, ba su karɓar magana sai sun san wanda ya faɗa, da wanda ya ji daga gare shi, da halin kowannensu wajen gaskiya da kiyayewa. Suratul Hujurati ta yi umurni da a tabbatar da labari kafin a yi aiki da shi. In saƙo ya shigo wayarka, tambayi kanka: wa ya fara aiko shi, ina asalinsa, wace riba mai aikowa zai samu in na fusata? In an ce malam wane ya ce, a nemi cikakken karatun daga majalisinsa. In an ce an ga wata, a jira sanarwar Sarkin Musulmi. In murya ta nemi kuɗi, a kashe waya a kira mai ita ta lambar da aka sani.

ALHERIN DA KE CIKI

Ba adalci ba ne a ce fasaha sharri ce zalla. Da rediyo ya zo an yi ta gardama a kansa, amma ta gidan rediyon Kaduna ne tafsirin Shaihu Abubakar Gumi da na Shaihu Ɗahiru Usman Bauchi suka shiga ƙauyukan da malamai ba su taɓa takawa ba. Bayansa kaset ya zo ya yi nasa aikin. Yau makaho irin kawuna yana sauraron Alƙur'ani daga bakin mahaddata na duniya duka, matafiyi na duba alƙibla da lokacin salla a wayarsa, Kirista na karanta Littafi Mai Tsarki da Hausa, wanda aka kammala fassara shi tun 1932, ba tare da ya ɗauki kundi ba. Nana Asma'u 'yar Shehu, wadda ta rasu cikin 1864, ta kan tura jajis ɗinta ƙauye-ƙauye su kai wa mata karatu. Da ta ga matan aure na yau suna ɗaukar darasi daga cikin ɗakunansu ta waya, lalle da ta gane manufar, ko da kayan aikin sun sake.

Sai dai akwai bambanci tsakanin tara bayani da gyaran zuciya. Malamai sun kasa nafsi hawa-hawa: mai umurni da mummuna, da mai zargin kanta, da mai natsuwa. Ba a hawa daga wannan zuwa wancan da yawan abin da aka saurara, sai da mujahada, da zama da na gari, da kaɗaita da Ubangiji. Ga shi kuwa yawancin dandalin sada zumunta, irin su Facebook da TikTok, da kuɗin talla su ke rayuwa, ribarsu tana ƙaruwa gwargwadon daɗewar idonka a kansu, saboda haka an tsara su ne don kada ka ajiye. Abin da su ke saye da sayarwa shi ne hankalinka, watau ainihin jarin da a ke bukata wajen salla da zikiri da addu'a. Mutumin da ya yi sallama daga salla hannunsa ya riga carbi kai wa ga aljihu, ya san abin da na ke faɗi.

Akwai kuma wata fitina ta riya. Ibadar da a da a ke ɓoyewa tsakanin bawa da Ubangijinsa, yau ana ɗaukar hotonta a baje. Sadaka da hoto, ɗawafi da hoto, har kukan tahajjud da hoto. Malaman zuciya sun daɗe suna gargaɗi cewa aikin da aka yi don idon mutane ladansa ya tsaya a idon mutane.

ABIN DA YA KAMATA A YI

Na farko, magidanta su sa wa waya iyaka a gida, su fara da kansu. A keɓe lokacin da ba a taɓa ta, kamar daga asuba zuwa fitowar rana, da lokacin cin abinci, da sa'a guda kafin barci. Na biyu, masu shiga i'itikafi a goman ƙarshe na azumi, da masu keɓewa don azumi da addu'a a coci, su bar waya a gida ko su kashe ta, domin halwar da duniya duka ke cikin aljihunka ba halwa ba ce. Na uku, kada a ɗauki fatawa daga na'ura. A yi amfani da ita wajen neman bayani da koyon sana'a da harshe, amma abin da ya shafi halal da haram a kai shi gaban malamin da aka san malamansa, wanda zai tsaya gaban Allah da amsar da ya bayar. Na huɗu, makarantun Islamiyya da na coci su koya wa yara tantance labari kamar yadda su ke koya musu tsarki. Na biyar, jami'o'inmu, irin su Jami'ar Jihar Gombe da aka kafa cikin 2004 da ta Tarayya da ke Kashere da aka kafa cikin 2011, su haɗa ɗaliban kwamfuta da na addini da na falsafa a zaure ɗaya, a karanta Gazali da ɗan Tafa tare da Turing, domin kada mu zama masu saye kawai a kasuwar da wasu ke yanke farashi.

A daren nan da na ba ku labari, kafin mu tashi, jikan kawuna ya rubuta wa na'urar tambayar kakansa. Ta amsa da cewa ita shiri ce na kwamfuta, kuma ba ta da tabbacin tana jin wani abu irin yadda mutum ke ji. Tsoho ya yi murmushi ya ce, "To, ko ba kome ta fi wasu mutane kunya. Ɗan nan, ka yi amfani da ita kamar yadda na yi amfani da ƙamus. Amma ranar da aka sa ni a kabari, ba ita za a tambaya ba, kai ma ranar taka ba ita za a tambaya ba. Kashe ta ka kama mini hannu mu shiga ciki."

Yaro ya sa wayar a aljihu ya kama hannun kakansa. Allah Ya ba mu ilmi mai amfani, Ya tsare mana hankulanmu da zukatanmu, Ya zaunar da ƙasarmu lafiya, amin.